Fim Ba Ya Ƙarewa Sai Masu Shi Sun Gani

Ban daɗe da ajiye aiki ba wata yarinya mai koyon fim ta kawo min nata a kwamfuta, in duba mata haɗin hoto. Labarin kakarta ne, ita ma tana ciki, tana tambaya ana ba ta amsa. Aikin ba laifi. Muna cikin kallo sai ta ce, "Baba, ai irin wannan fim ɗin sabon abu ne, ku a zamaninku mai kamara ba ya shiga hoto." Haka wani malami da aka kawo musu daga waje ya gaya musu a wani ɗan gajeren horo. Ya nuna musu Sherman's March na Ross McElwee, ya nuna musu fim ɗin Agnès Varda na 2000 inda take ɗaukar hannunta da tsufa ya tattare, ya ce daga can abin ya taso. Finafinan nan biyu na gan su, ina kuma ganin girmansu. Amma a tsaya a Yamai, garin Umaru Ganda, a gaya wa 'ya'yanmu cewa a wata ƙasa aka fara jin mutum yana ba da labarin kansa a fim ɗin gaskiya, wannan ya ɓata min rai ƙwarai, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami.

A 1957 Jean Rouch ya haɗu da Ganda a Abijan. Saurayi ne ɗan Yamai da Faransa ta kai yaƙin Indoshin tun bai kai shekara ashirin ba, ya dawo ba aiki, ya gangara bakin teku yana dako a tashar jiragen ruwa. Kamarar da Rouch ke riƙe da ita a lokacin Bell & Howell ce, wadda ake murɗawa da hannu, ba ta wuce daƙiƙa 25 take tsayawa, kuma ba ta ɗaukar murya. Saboda haka aka ɗauki hoton Ganda kurum a unguwar Treichville: yana neman aiki, yana cin abinci, yana dambe, yana rawa ranar Asabar. Daga baya aka zaunar da shi gaban makirfo, aka haska masa kansa, aka ce ya yi magana. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne Moi, un noir na 1958. Ya ba kansa sunan ɗan wasan Amurka Edward G. Robinson, yana kallon kansa yana yi wa kansa faɗa, yana kukan talauci, yana fahariya, yana mafarkin abin da ba zai samu ba. Wajen ƙarshe, inda yake tafiya a bakin ruwa da wani yaro yana kwatanta masa yaƙi, yana faɗuwa ƙasa yana tashi yana harbi da hannu wofi, duk wanda ya taɓa zama a teburin haɗi ya san ba darakta ne ya tsara wannan ba. Mutum ne ya samu inda zai sauke abin da ke cikinsa.

Sai dai sunan da ke kan fim ɗin na Rouch ne, kuma kyautar Louis Delluc ta wannan shekara shi aka ba. Mu da muka zo daga baya mun taras da wannan magana tana nan da zafinta. Sembène Usman ya riga ya gaya wa Rouch ido da ido a 1965 cewa shi da ire-irensa suna kallon 'yan Afirka kamar ƙwari. Ganda kuwa da aiki ya ba da tasa amsar. Ya dawo gida, ya koyi sana'ar a ƙungiyar masu fim ta cibiyar al'adun Faransa da Nijar, ya yi Cabascabo, wanda aka nuna a Cannes a 1969: tsohon soja ya dawo daga Indoshin da kuɗi, abokai da maroƙa suka cinye, ya koma leburanci, ƙarshe ya ɗauki hanyar gona. Shi ya rubuta, shi ya ba da umarni, shi ya fito a ciki. Masu littafi za su ce wannan wasa ne, ba fim ɗin gaskiya ba. Mu a wajenmu katangar da ke tsakanin biyun ba ta taɓa yin tsawo ba. Rayuwar mutumin ce, jikinsa ne, kuma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. A 1972 shi ya fara ɗaukar babbar kyautar FESPACO a Wagadugu da Le Wazzou polygame. Ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981, lokacin ina sabon shiga, ina riƙe wa manya sandar makirfo.

Amma na yi gaba da yawa. Abin da nake so in tsaya a kai ya girmi wannan, kuma shi ne ya ɓace.

A 1954 Rouch ya koma Ayoru da injin haska fim da injin wuta, ya rataya farin zane, ya nuna wa Sorkawa masu farautar dorina fim ɗin da ya ɗauka a wajensu, Bataille sur le grand fleuve. Ya sa kiɗa a kan farautar don ya ƙara mata armashi, kamar yadda kowa ke yi a lokacin. Masuntan suka ce a'a. Dorina na da kunne, farautarta shiru ake yi, wanda ya buga kiɗa a kan ruwa ya kori nama. Mutanen da aka zo "nazari" suka gyara wa mai digiri aikinsa, ya kuma karɓa. A wannan zama ne wani maharbin zaki ya ce a zo a ɗauki tasu farautar, abin da ya zama La Chasse au lion à l'arc a 1965. A nan ne kuma Damure Zika, da ya ga kansa a zane, ya ce su yi fim na sosai, aka yi tafiyar Gwalkwas da shi da Lam Ibrahim Dia da Illo Gaudel, wadda ta zama Jaguar. Duk abin da za a faɗa a kan Rouch, kuma akwai abin faɗa, wannan al'ada ta mayar wa mutane hotonsu kafin a ce an gama, daga gare shi ta shiga hannun 'yan Nijar da suka yi aiki da shi, daga hannunsu ta iso gare mu.

Maigidana yana cikin waɗanda suka koye ta a shekarun 1960. Mai ɗaukar sauti ne da ya koma haɗin hoto da kunnensa ya fara nauyi. Ba shi da yawan magana, ba ya kuma yabon yaro a gabansa. Dokokinsa biyu ne, kuma a kansu ya yi ta samun saɓani da manyan ofis har ya bar aiki.

Ta farko: ba a yanke tambaya. Idan za a ji amsar mutum, sai a ji abin da aka tambaye shi, da muryar wanda ya tambaya, ko da ta fito da in'ina, ko da tambayar ta wauta ce. Mu mun tashi da majigi irin na gwamnati, wanda wata murya daga sama, ba a ganin mai ita, take bayanin yadda manomi zai shuka gyaɗa da yadda mace za ta wanke jariri. Muryar nan ta san kome, ba wanda ya isa ya tambaye ta wa ya aiko ta. Maigidana ya tsane ta. Yakan ce idan ka cire tambayarka ka bar amsar talaka tsirara, ka mai da shi mahaukaci mai magana shi kaɗai, kai kuma ka mai da kanka aljani. Mutum ya ce "ba mu da kome" don ka tambaye shi me yake so gwamnati ta kawo musu. Ka yanke tambayar, duniya ta ji shi yana bara. Shi ya sa a ayyukan da suka bi ta hannunsa za ka ji muryar ɗan jarida tana tuntuɓe, ka ga kan makirfo ya leƙo, ka ji tsohuwa ta ce wa mai kamara, "Kai ɗan wane ne?" shi kuma ya amsa. Sau da yawa an dawo masa da aiki an ce bai tace da kyau ba. Da gangan yake bari. Tun kafin in ji wani ya ba wannan salo suna a littafi, a teburinsa na ga yadda mai fim ke shiga fim ɗinsa: ta wajen ƙin ɓoye cewa yana wurin.

Ta biyu ita ce komawa. A lokacin zaren fim na milimita 16 sai an aika Faransa a wanke, a jira makonni, wani lokaci watanni. Gwangwani guda na mita 120 minti 11 ne kacal, saboda haka ba a ɗaukar banza. Idan ya dawo aka yi haɗin farko, kafin a taɓa asalin zaren, sai maigidana ya ce a ɗaura kaya. Injin haskawa, injin wuta, jarkar mai, lasifika, farin zane da igiya. A isa gari da la'asar, a gaida mai gari, a sanar ta bakin sanƙira. Bayan sallar isha a rataya zanen a bangon fada ko tsakanin itatuwa biyu, a kai injin wuta can nesa da doguwar waya don kada ƙararsa ta danne magana. Maza gefe, mata gefe, yara a gaba har wasu su zagaya bayan zanen suna kallo ta baibai. Shi kuwa ba ya kallon zane ko kaɗan. Yana zaune a gefe da na'urar ɗaukar sauti ta Nagra a cinya, ya juya wa hoton baya, yana ɗaukar abin da jama'a ke cewa. Haskawar farko ba a jin kome sai ihu da kiran sunaye, kowa na nuna ɗan'uwansa. Sai an maimaita, wani lokaci har sau uku, kana mutane su natsu su fara kallon abin da aka ce game da su. A nan aikin yake.

Akwai wani fim na masu haƙar rijiya da wani baƙon darakta ya ɗauka a wani ƙauye na ƙasar Adar. Mutumin ya iya aikinsa, ya kuma haɗa da kansa, yana gaggawar komawa ƙasarsu. Maigidana ya ce ba zai sa hannu a sauti ba sai an je. Aka je. Ana cikin haskawa aka zo inda shugaban masu haƙa ke cin tuwo a inuwa, hoto na gaba kuma wani dattijo ne zaune yana kallon gefe. Wuri ya kaure da dariya, mata suna salati, shugaban masu haƙan ya tashi ya bar filin. Ashe dattijon nan surukinsa ne. Ranar da aka ɗauki cin tuwon daban, ranar da aka ɗauki dattijon daban, almakashi ne ya zaunar da su wuri ɗaya. A idon gari, mutumin kirki ya buɗe baki ya ci abinci a gaban uban matarsa. Darakta ya ce ai wannan ƙaramin abu ne, ba wanda zai lura a inda za a nuna fim ɗin. Maigidana ya ce masa, "Shi a nan zai kwana." Da safe muka je gidan mutumin, darakta ya ba shi haƙuri a gaban mai gari, aka raba hotunan biyu. A zaman nan na safe ne kuma masu haƙan suka ce an nuna ƙarfinsu ba a nuna iliminsu ba: ba a nuna yadda suke duban ƙasa da itatuwa su san inda ruwa yake ba, ba a nuna yadda ake zura fitila a rami a ga ko iskar ƙasa za ta kashe mutum ba. Aka ƙara kwana aka ɗauki wannan da ragowar zare. Shi ne ya zama zuciyar fim ɗin. Maigidana ya so a sa dariyar daren nan da ban haƙurin a ciki, darakta ya ƙi.

Abin da ya so ɗin nan ba baƙon abu ba ne. Rouch da Edgar Morin sun yi shi a Paris a Chronique d'un été, wanda suka ɗauka a 1960: wajen ƙarshe an tara waɗanda suka fito a ciki an haska musu, suna sukar juna suna sukar fim ɗin, wani ya ce wance ta yi wasan kwaikwayo, wata ta ce wane ya tona kansa da yawa, sannan ga masu fim ɗin su biyu suna kai da kawowa a gidan tarihi suna tambayar juna ko sun yi nasara. Turawa suna koyar da wannan a matsayin mafarin wani sabon zamani. Ba kasafai suke faɗin cewa a bakin kogin Kwara Rouch ya koyo shi ba. Haka a Simiri a 1971, da ya ɗauki Tourou et Bitti a ɗauka guda ba yankewa: kwanaki ana kiɗa iskoki sun ƙi sauka, ya shiga fili da kamara a kafaɗa yana faɗin abin da shi kansa yake yi, sai ga su sun hau. Ya yarda a fili cewa shigarsa na cikin abin da ya faru. A Petit à petit kuma Damure ne ya je Paris yana auna kawunan Faransawa yana duba haƙoransu a kan titi, yadda aka daɗe ana yi mana. Ranar da na fara ganin wannan a Yamai, 'yan kallo har tsaye suka miƙe.

Maigidana ya taɓa juya kamara gidansu. Shi ɗan fari ne, mahaifiyarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma zama ta yi hira da shi. Ya ari kamara a wani hutu, ya roƙi wani abokin aiki ya riƙe, ya zauna a tsakar gida yana tambayarta labarin yunwar da ta kore su daga ƙauyensu yana goye. Ba ta amsa masa ko sau ɗaya ba. Duk tambayar da ya yi, sai ta juya wajen ƙanwarsa ta ba ta amsar, tana ce masa "wancan". Wani zai ce ɗauka ta lalace. Shi ya haɗa ta haka nan: ga shi a gefen hoto, babban mutum da furfura, yana tambaya, ga tsohuwa ta ba shi kafaɗa tana zuba labari, ga ƙanwa a tsakiya tana danne dariya. Ban taɓa ganin abin da ya nuna kunyar ɗan fari da ƙaunar da ke ƙarƙashinta kamar wannan ba. Ya kai wa tsohuwar ta gani, ta kalla ta gefen mayafi, ta gaya wa ƙanwar cewa a cire inda ta ambaci sunan kishiyarta, aka cire. Da ya kai ofis aka ce masa wannan ba shiri ba ne, harkar gidansu ce, ba a kashe zaren gwamnati a kan uwar ma'aikaci. Ba a taɓa watsa shi ba. Gwangwanayen suka zauna a wani ɗakin ajiya ba na'urar sanyi, zafi ya dafa su, ranar da muka buɗe warin tsami ne ya tare mu. Wannan ban yafe ba har yau.

Daga tsakiyar shekarun 1980 abubuwa suka taɓarɓare da sauri. Kuɗin yuraniyom ya ja baya, gwamnati ta tsuke aljihu, gidajen silima suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Mariyama Hima ta yi Baabu Banza a kan masu sarrafa tsofaffin tayoyi a Yamai a daidai wannan lokaci, Mustafa Alasan ya koma Tawa yana ta ƙoƙarinsa shi kaɗai, amma yawancinmu muka koma bidiyo da aikin ƙungiyoyin agaji. Bidiyo ya sauƙaƙa ɗauka, ya kashe komawa. Yau a ɗauka, gobe a haɗa, jibi a watsa. Kasafin kuɗi ba shi da layin man mota na zuwa ƙauye karo na biyu. A madadinsa aka kawo takardar amincewa: mutum ya dangwala yatsa tun kafin a kunna kamara, a kan abin da bai gani ba, da harshen da ba ya karantawa. Muryar nan ta sama kuma ta dawo da sabon kaya, tana lissafa matsalolinmu da Faransanci ko Ingilishi.

A wasu ƙasashen 'yan'uwa ba su tsaya ba. Safi Faye, wadda ta fito a Petit à petit, ta riga ta yi Kaddu Beykat a 1975 kamar wasiƙa daga ƙauyensu, da muryarta. David Achkar ya yi Allah Tantou yana neman mahaifinsa Marof Achkar, jakadan Gini a Majalisar Ɗinkin Duniya da ya ɓace a kurkukun Boiro. Abderrahmane Sissako ya bi sawun abokinsa har Angola a Rostov-Luanda. Mahamat-Saleh Haroun ya fito da sunansa a Bye Bye Africa na 1999, ya koma Njamena bayan rasuwar uwa ya taras da gidajen silima sun zama kango. Da na ga wannan na ƙarshe sai da na fita waje na sha iska, don labarinmu ne. Rahmatu Keita kuma ta zaunar da Zalika Sule a Al'lèèssi, tauraruwar finafinan Mustafa Alasan da Ganda, aka gan ta tana fama da rayuwar yau da gobe a Yamai, ba wanda ya tuna da ita. A shekarar da fim ɗin ya fito, 2004, ranar 18 ga Fabrairu, Rouch ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni, aka binne shi a Yamai.

Na ɗauka shi ke nan. Sai ga yaran da suka biyo ta dandalin finafinan gaskiya da Inusa Usaini ya kafa a Yamai, da makarantar Saint-Louis ta Sanagal, sun zo da abin da ya fi ƙarfin tsammanina. Sani Magori, ɗan Galmi, malamin gona, ya fara da albasar garinsu a 2008, sannan ya yi Kukan Kurciya a 2010. Mahaifinsa ya tafi Abijan ya daɗe bai dawo ba, kamar dubban mazan yankin. Sani ya je wajen tsohuwar zabiyar da waƙoƙinta suka riƙa zuga samari su tafi bariki neman arziki a da, ya ce mata tunda muryarta ce ta kore su, ta zo su je ta kira su gida. Ya ɗauke ta a mota har bakin teku. Ba Bahaushen da zai kalli wannan bai ji nauyinsa ba. Ɗa ya tsaya gaban kamara ya ce ubana ya bar mu, a ƙasar da ba a ko faɗin sunan uba gatsau, ba ƙaramin abu ba ne. Kuma dubi hanyar da ya bi: bai tunkari uban da tuhuma ba, ya nemo babba ta yi masa magana, yadda ake yi a gida. Amina Weira, a fim ɗinta na 2016, ta koma Arlit ta bi mahaifinta, tsohon ma'aikacin ramin yuraniyom, tana tambayarsa abin da ƙurar garin ta yi musu.

A wannan shekarar ce A'isha Macky, 'yar Damagaram, ta fitar da L'Arbre sans fruit. Matar aure ce da ba ta samu haihuwa ba, tana magana da mahaifiyarta da ta rasu wajen haihuwa, tana zama da mata irinta suna faɗin abin da dangin miji da kishiyoyi da maƙwabta ke gaya musu, da yadda ake ɗora wa mace laifi tun ba a gwada namiji ba. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma da wannan karin magana aka rufe bakin mata da yawa. Abin da ya sa matan cikin fim ɗin suka buɗe nasu shi ne ita ta fara buɗe nata. Ba ta tambaye su abin da ita ba ta amsa a gaban kamara ba. Fim ɗin ya ci kyautar AMAA ta fim ɗin gaskiya a 2016, kuma ina ganin tsayuwar da ta yi a cikinsa ce ta ba ta fuskar shiga Kara-Kara ta yi Zinder a 2021 da samarin da garin ke tsoro. Da maigidana ya kai wannan lokaci, na san ba zai yabe ta a gabanta ba, amma zai sa a maimaita masa.

To me ke damuna da na yanzu? Ba shigarsu hoto ba. Abin da ke damuna shi ne dalilin shigar. Yanzu idan yaro ya je neman kuɗin fim a wajen masu ba da tallafi, tambayar farko ita ce, "Kai ina kake a cikin labarin?" Yara sun gane. Sai ka ga wanda ke son yin fim a kan masunta ko kasuwar dabbobi ya ƙirƙiro wa kansa wani ciwo ya manna a gaba, ya ɗauki kansa yana kallon taga, ya sa murya mai rauni yana cewa tun yana ƙarami yake tambayar kansa. Wasu kuma ciwon na gaske ne, amma ba nasu kaɗai ba ne. Wanda ya ba da labarin kansa ya ba da na uwarsa, da na matar ubansa, da na ƙanwar da aka sake, da na kawun da ya ci gadon marayu. Shi zai hau jirgi ya je bikin finafinai a tafa masa, su kuma za su je rijiya da kasuwa da masallaci gobe da safe. Na ga fim da aka nuna a ƙasashe da dama, uwar mai shi ba ta san abin da ke ciki ba sai da wani ya turo wa maƙwabciyarta guntunsa ta WhatsApp. Mai fim ɗin ya ce min ai labarinsa ne, yana da iko da shi. Na ce masa rabinsa ne nasa.

Kuma zancen gaskiya, wanda ke riƙe da almakashi bai taɓa zama daidai da wanda aka ɗauka ba, ko da sun fito a hoto ɗaya. Kai ka zaɓi inda ka yi kyau, ka zaɓi inda hawayenka ya zubo daidai, ka cire inda ka yi wa tsohuwa tsawa don ta maimaita magana. Na zauna a teburin haɗi da masu fim da yawa, na san abin da suke cewa a cire. Wuri ɗaya ne kawai mai fim ke rasa wannan iko: daren da ya zauna cikin mutanen da ya ɗauka, hoto na tafiya, ba shi da halin tsayar da shi, kowa na iya juyowa ya dube shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda bai yi wannan zama ba, ko fuskarsa ta cika fim ɗin daga farko har ƙarshe, a ɓoye yake.

Abin da ya sa uzurin ba ya shiga kunnena shi ne yau ba wahala. Injin haskawa ya koma abin sa wa a jakar hannu, batirin hasken rana na iya riƙe shi dare guda, ba jiran wanki daga Faransa, gyara kuma a nan take ake yi a kwamfuta, a sake nunawa kafin a watse. Kuɗin zuwa Dakwaro ko Tanut da dawowa bai kai kuɗin biza ba. Shi ya sa duk wanda ya kawo min aiki yanzu, tunda har yanzu suna kawowa, ba na karɓar ko sisi, amma sharaɗina ɗaya ne: ba na sa hannu a haɗin ƙarshe sai an kai wa masu shi. Wasu sun ɗauki kayansu sun tafi wajen wani. Wasu sun yarda. Akwai wani yaro ɗan Gobir da ke fim a kan rabon gonar gidansu bayan rasuwar kakansa, shi da baffanninsa duk suna ciki, ba mai yi wa wani magana. Ya so ya nuna wa kowane gida daban. Na ce a'a, wuri ɗaya, a ƙofar gidan babban baffan, mata ma su fito. Mun sa rana bayan an gama girbin gero, ni zan riƙe na'urar sauti.